Abin da Ya Kai Ni Ƙonni da Kwamfuta Cikin Gwangwanin Madara

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki biro. Sati bakwai ke nan da dawowata daga Birnin Ƙonni, kuma kusan kowace ranar kasuwa, ko a Goronyo ko a Gandi ko a Rabah, sai wani ya tsaya gaban teburina na gyaran rediyo da waya ya ce, "Umaru, wai mi kag gano can?" In na fara ba da labari sai mai rediyo ya matsa a sallame shi, zance ya yanke a tsakiya. Tsoro ne ya hana ni rubutawa. Bokona bai wuce firamare ba, ina gudun in faɗi abu ba daidai ba, wani ya bi ya ƙone kayansa, alhaki ya hau kaina. Sau uku ina rubuta shafi biyu ina yagewa. To yanzu akwai tambayar da ta zame mini dole, kuma ba za ta yiwu ba sai na faɗi yadda aka yi.

Mu manoman albasa ne a fadamar Wurno. Yayana Bello ke riƙe da gona tun rasuwar mahaifinmu. Kowace shekara da an cire albasa yakan sayar a bakin gona, lokacin da kowa ke sayarwa, ta yi arha kamar kyauta. Bara waccan mun gwada ajiya a rudu, wato rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa. Zafin bazara ya dafa ta daga ciki. Ranar da muka buɗe, kusan rabi ta zama ruwa, warin har gidan maƙwabta. Tun daga nan Yaya ya ce shi da rudu sun raba hanya.

Wani malamin makaranta da na taɓa gyara wa solar gidansa, da aka yi masa canjin wurin aiki, ya bar mini wata 'yar kwamfuta. Ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ba ta da allo, sai an jona ta da talabijin, kuma duk hankalinta yana cikin ɗan katin mimori irin na waya. Ya haɗa mini da ma'aunin zafi da laima, da ɗan makunni, ya ce in na koya za ta iya kunna fanka da kanta idan wuri ya yi zafi. Ni kuwa kullum ina kasuwanni, ba mai zama gadin rudu. Sai na je wa Yaya da maganar, a gaban Inna, mahaifiyarmu.

Ya juya ta a tafin hannunsa. "Wagga aba za ta tsare albasa? Kai da ko jaki ba ka hawa sai ka duba ƙahwahunai huɗu?"

"Yaya, ka dai ba ni rudu guda bana."

"In nig ga ta kunna hwanka da kanta kahin mu cire albasa, na ba ka. In ban gani ba, kak ka sake yi man zancen ga har abada. Inna, kin jiya."

Inna ta ce ta ji. Magana ta ƙullu ke nan.

Wata uku na yi ina fama. Na shiga wani guruf na masu sha'awar irin waɗannan kwamfutoci, yawancinsu a ƙasashe masu nisa. Da Turanci suke magana, sai in rubuta tambayata da Hausa waya ta juya mini. Na tambayi yadda zan sa ta karanta ma'aunin zafi. Amsa ta zo: sauke kwantena. Ga wanda bai sani ba, kwantena a bakinsu ƙunshin manhaja ne da wani ya riga ya haɗa ya rufe, komai na ciki, kai dai ka sauke daga intanet ka kunna. Kamar ka je wa mace ka ce ta koya maka miyar kuka, ta miƙo maka kwano a rufe ta ce ka ci.

Ban yi gardama ba, na gwada. Kwamfuta ta ƙi saukewa, ta cika allo da jan rubutu. Na ɗauki hoton wurin jan na tura, na ce mene ne ma'anarsa. Wani ya ce in gwada wata kwantenar. Wani ya ce ai tasa tana yi lafiya lau. Wani ya turo mini kwantenar da aikinta kula da sauran kwantenoni. Akwai wani bawan Allah da ya zauna ya rubuta mini doguwar amsa cikin ladabi, na yi ta murna ina karantawa, da na kai ƙarshe sai ga kwantena nan ma. Ba wanda ya tambaye ni ina nake, ko wane irin sabis muke da shi, ko muna da wuta.

Ga wata masifar kuma: duk bayan kwana huɗu ko biyar sai katin mimori ya rikice, kwamfuta ta ƙi tashi, sai na sake zuba masa manhajar farko daga kwafin da malamin ya bar mini. Saboda tsoron kada in manta wani abu mai muhimmanci, na sayi littafin rubutu irin na makaranta. Duk abin da ya fito a allo, daga layin sama har na ƙasa, harafi bayan harafi, ina kwafewa, ko ban san ma'anarsa ba. Matata ta ce ko lokacin da nake neman aurenta ban rubuta mata rabin wannan ba.

Saura kamar kwana goma sha takwas a cire albasa, abokina Ɗan'ige, direban babbar mota da ke kai kaya Illela, ya ji ina ƙorafi. Ya ce akwai wani dattijo a Ƙonni, Mushe Isufu ("Mushe" shi ne "Malam" ɗinsu na Faransanci), wanda ya yi ritaya daga gyaran firjin sola na asibitocin ƙauye, ɗakinsa cike yake da irin wannan tarkace, kuma Hausa yake yi kamar ni. Ban taɓa ƙetare iyaka ba. Kwana biyu ina lissafa abubuwan da za su iya faruwa a hanya, duka munana. Rana ta uku na ce zan tafi.

Na naɗe kwamfuta da tsumma na sa cikin gwangwanin madara babba, tare da wayoyinta da ma'auni. Na je wurin mai unguwa ya rubuta mini takardar shaida. Na ɗauki katin ɗan ƙasa, na ɗauki takardar haihuwa, har da takardar gama firamare, don ban san wadda za a nema ba. Inna ta ba ni ƙullin garin fura da ƙuli-ƙuli, ta ce in yi tafiyata da rana kawai. Kowa a yankinmu ya san dalili, ba sai na faɗa ba.

Mun tashi bayan hantsi ya ɗaga, ina gaba kusa da Ɗan'ige, gwangwani bisa cinya. Muka bi Achida muka shiga Sakkwato, muka ɗauki hanyar Kware. Ɗan'ige ba ya iya shiru. Ya ce in ajiye gwangwanin a ƙasa, na ƙi, don zafin inji na fitowa ta nan. Ya ce, "Yadda kar rungume shi, in anka tsaida mu cewa za a yi zinari na."

Bakinsa kuwa ya kama. Kafin Gwadabawa, a wani shinge, jami'in tsaro ya leƙo ya ce a buɗe gwangwani. Da ya ga wayoyi ja da baƙi da ɗan faifai kore, fuskarsa ta canza, ya ce in sauko. Ban ga laifinsa ba. A wannan zamani ko ni na ga baƙo da irin wannan kaya sai na tsargu. Na miƙa masa takardu duka a tare. Na fara bayani daga rasuwar mahaifinmu. Ya ɗaga hannu.

"Malam, taƙaita. Mi taka yi?"

"Hwanka taka kunnawa, ranka shi daɗe. Don albasa."

"Ta kunna mu gani."

"Ba ta kunnawa. Shi yas sa za ni Ƙonni."

Ya dube ni, ya dubi Ɗan'ige da ke danne dariya, ya buɗe littafina ya ga shafuka cike da rubutun da ba kan gado. Ya karanta takardar mai unguwa a hankali, ya ce ubansa ma albasa yake nomawa, mu tafi Allah ya ba da sa'a. Sai da muka yi nisa na tuna ban yi masa godiya yadda ya kamata ba, abin ya dame ni har Illela.

A Illela Ɗan'ige ya haɗa ni da mai babur. Can ƙetare ba a cewa acaba, kabu-kabu ake cewa. A bakin iyaka jandarma ya ce in ba shi "karti". Na zaro takardar firamare bisa kuskure. Ya ɗaga ta sama ya kira abokin aikinsa, suka yi magana da Faransanci suna murmushi, sannan ya ce mini da Hausa, "Barka da gama lekwal. Yanzu kawo mai hoto." Na ba shi katin ɗan ƙasa, ya duba gwangwani, na sake bayanin albasa, wannan karon a taƙaice. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakanin Illela da Ƙonni ba wata tafiya ba ce. Ƙasa iri ɗaya, shanu iri ɗaya, gaisuwa iri ɗaya, amma duk allon da ke bakin hanya ya daina yi mini magana.

Na isa gidan Mushe Isufu da azahar, na tarar da gari kamar an share. Shaguna a rufe, ofisoshi a rufe. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe al'adarsu ce, da rana ta take kowa ya shiga gida ya huta sai wajen la'asar. Mu a kasuwar Goronyo wannan ne lokacin da ciniki ke kamawa. Na zauna a inuwar ƙofarsa fiye da awa ɗaya, don na kasa yanke shawarar ko sallama a irin wannan lokaci rashin ladabi ce. Matarsa, Madam Ramatu, ita ta leƙo ta gan ni, ta ce, "Baƙo, mi kaka yi nan kamar wanda anka kora?"

Mushe Isufu babban mutum ne mai furfura da ƙatuwar murya. Da ya ji daga Wurno nake kuma zancen albasa ne, ya ce ai maganin matsalata mai sauƙi ne, in daina noma tamu in riƙa sayen ta Galmi, garinsu da ya yi suna da albasa. Na ce masa tamu ta fi yaji. Ya ce shi ya sa take sa mu kuka. Ya ba ni ɗakin zaure, da katifa da gidan sauro. Aka kawo dambu da zogale, kusan irin namu sai dai sun fi mu sakin hannu da mai. Washegari da safe kuwa burodinsu na gani, dogo kamar sanda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Madam Ramatu ta ce a shayi ake tsomawa, ba rake ba ne. Shayin ma ba kofi ɗaya ake sha a tashi ba. Zagaye uku ne a ƙananan kofuna, kuma in ka tashi bayan na farko an ga gaggawarka.

Bayan la'asar ta ranar farko muka shiga ɗakin aikinsa. Filogina mai ƙafa uku ya ƙi shiga bangonsu, don ramukansu biyu ne masu zagaye, sai da ya lalubo mini mahaɗi. Kibod ɗinsa kuma haruffan ba inda na saba suke ba. Sau huɗu ina buga kalmar sirri tana ƙi, na fara tunanin hanya ta lalata kwamfutar. Ya leƙo ya ce in dubi yatsuna, na Faransa ne.

Na gaya masa abin da nake so. Ya gyara tabarau ya ce, "Ai wanga abu ba wuya. Akwai wata kwantena."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na bar gida, an sauke ni a shinge, na ƙetare ƙasa, don in ji wannan kalma da Hausa. Ya jona kwamfutata da intanet ɗin gidansa, ya buga layi biyu, abu ya fara sauka ba ja ko ɗaya. Kafin shayi ya huce ya haɗa wata ƙaramar fanka, ya hura wa ma'auni iska mai ɗumi, fanka ta juya.

"To ga ta nan. Gobe da sahe ka koma gida, ɗan Najeriya."

Na daɗe ina kallon fankar. Sannan na ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Ban zaka don ta yi nan ba. Albasammu ba nan take ba. Abin da kab buga, shi nib buga sau ba adadi, can ta ƙiya. In ban san dalili ba, ranar da tat tsaya Wurno wa za ni tambaya?"

"Wataƙila kuskure kay yi wurin bugawa."

"Ina da shi rubuce. Ban yi ba."

Na ga ransa ya ɗan sosu. Ya ce shekararsa talatin yana aiki bai taɓa ganin wanda aka gyara wa abu ya ƙi murna ba. Daidai nan aka kira magariba. Na miƙe, na kai hannu na zare filogin kwamfuta daga bango kamar yadda na saba.

"Tsaya. Mi kay yi yanzu?"

"Na kashe ta."

"Hakanan kaka kashe ta?"

"Kullum in rana ta hwaɗi. Ɗakina kusa da ciyawar dabbobi shike, ina tsoron wuta. In za ni salla ma ina cirewa."

Ya dafe kai. Ya ce wannan abu ba rediyo ba ce. Kullum tana cikin rubutu a katinta, in ka fizge wuta kamar ka fizge allo ne daga hannun mai rubutu yana tsakiyar layi. Yau ka yi, gobe ka yi, jibi katin ya rikice. Ashe ni da kaina nake kashe katin nan duk bayan kwana biyar, da hannuna, saboda taka-tsantsan. Na yi sallar magariba raina a jagule.

Da safe, a zagayen shayi na biyu, ya ce in kawo littafin nan da nake taƙama da shi. Yana buɗawa yana tsokana, wai na kwafe har da abin da ko mai kwamfutar bai taɓa karantawa ba. Can sai ya tsaya a kan wani shafi. Ya koma shafin baya, ya sake komawa, ya aza yatsa a layin sama.

"Wanga kwanan wata, kai kar rubuta shi ko ita tab bayar?"

"Ita. Ni kwahewa kawai nika yi."

Kowane shafi, kwanan wata kusan ɗaya ne, na wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ni ban taɓa lura ba, don lambobi ne cikin lambobi. Ya yi mini bayani a hankali. Waɗannan ƙananan kwamfutoci ba su da agogo a jikinsu. In sun tashi sai su tambayi intanet ƙarfe nawa. A gidansa ta tambaya aka gaya mata nan take, shi ya sa komai ya tafi daidai. A wurinmu, da alama sabis ɗin wayata ba ya isar da wannan amsa. Ni kuma duk sanda na sake zuba manhaja daga tsohon kwafi, sai ta koma ranar da aka yi kwafin. Wuraren da ake sauke manhaja kuwa suna duba kwanan wata kafin su amince da kai. In ka zo da ranar da ta gabaci takardar shaidarsu, sai su rufe ƙofa. Ya ce jan rubutun ma abin da yake faɗa ke nan, a irin nasu zaurancen, amma hoton da nake turawa guruf na tsakiyar allo ne, kuma su can ba wanda kwamfutarsa ta taɓa rasa lokaci balle ya yi tunanin haka.

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Wata uku, a kan agogo.

Ya ce yanzu da an gane, in gyara lokaci kwantena za ta yi a Wurno ma. Na ce ina roƙon arziki, a cire ta, ya koya mini da hannu. Ya ce don me, abu yana aiki. Na ce masa in na buɗe rediyo ina iya bin waya daga batir har lasifika, in ga inda ta yanke. Wannan ƙunshi ban san abin da ke ciki ba, kuma albasar gidanmu zan ɗora a kai. Ya ce ni mutum ne mai wahalar da kansa. Ya kuma ce kada in raina kwantena, don wanda ke kula da na'ura goma ko ashirin ita ce hutunsa, kuma ana iya karanta takardar haɗinta in mutum ya iya. Amma ya yarda cewa don fanka ɗaya, an ba ni babbar mota ne in ɗauki kwando.

Kwana uku muka yi a kai. Duka aikin layi ashirin da 'yan kai ne. Karanta ma'auni. In zafi ya wuce kaza, kunna. In ya sauka, kashe. Jira kaɗan, sake dubawa. Rubuta abin da ka gani da lokacinsa. Kowane layi sai na rubuta ma'anarsa a gefe da ajami, don shi hannuna ya fi sauri da shi. Ya hana ni kwafa daga allonsa, ya ce in buga da kaina in yi kuskurena. Na yi kuwa. Na juya wata alama, fanka ta riƙa tashi in an yi sanyi tana tsayawa in an yi zafi. Madam Ramatu da ta shigo da abinci ta ce wannan fanka halin ma'aikatan gari gare ta, da rana ta yi sai hutu. Ni na gano kuskuren da kaina, bayan kusan awa biyu ina bin layi da yatsa. Mushe yana gefe yana gyaran tocila, ya gani tun farko, ya bar ni in gano da kaina.

Ranar ƙarshe ya kwance wani tsohon akwatin aikinsa ya ciro ɗan agogo, bai fi farcen babban yatsa ba, da batir mai zagaye irin na agogon hannu. Ya nuna mini ƙafafun da zan jona, ya koya mini kalmar da ake bugawa a kashe kwamfuta cikin mutunci, ya shirya katin yadda ɗaukewar wuta ba za ta yi masa illa sosai ba. Sannan ya ce magana ɗaya ta rage: in bar ta a kunne dare da rana. Na ce rudu ciyawa ce. Ya sa mini fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, a wayar batir, ya ce in sa kwamfutar cikin tukunyar ƙasa nesa da rudu, waya kawai ta shiga. Na tambaye shi sau uku ko fis ɗin zai yanke da gaske. A na ukun ya haɗa wayoyi biyu da gangan, fis ya yi ƙara ya mutu, ya ce, "Ka gani? Yanzu ka ci man guda." Ya ba ni wasu biyu. Na yi ƙoƙarin yi masa ihsani ya ƙi, ya ce in albasa ta kai damina in aiko masa da kwando, ya gwada da ta Galmi.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Amma da na iso Wurno ranar ta shida, na tarar an riga an cire rabin gona. Mai saye ya zo da wuri, buhuna na tsaye a bakin fadama. Yaya ya gan ni da gwangwani ya ce, "Alhajin Ƙonni, an dawo? Saura gobe mu ƙare."

Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi, na haɗa komai a tsakar gida: batir, faifan sola, fanka, tukunya. Inna ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Na fara bayanin layukan, Yaya ya ce shi ba karatu ya zo ba. Ya karɓi ma'aunin ya cusa a hammatarsa ya matse. Minti ya wuce, wani ya kama, na fara tuna duk inda zan iya yin kuskure. Sai makunni ya yi ƙas, fanka ta ɗauka. Ya ciro ma'aunin ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, bayan ɗan lokaci ta tsaya.

Ya sunkuya ya fizge wayar batir.

"Yaya, ba a yi mata hakanan."

"Akuya ta san da wannan? In ta bi ta kan waya hwa?"

Ya mayar. Na jona talabijin. Kwamfuta ta tashi, ta nuna ranar da muke ciki da ƙarfe daidai, ta koma aikinta ba wanda ya taɓa ta. Ya sake matse ma'aunin a hammata har fanka ta sake juyawa, kamar yana fatan kama ta da ƙarya. Sannan ya miƙe ya kaɗe riga.

"Rudu guda. In ta ruɓe kai ka kwasa, da hannunka."

Yau albasar na sati na shida a rudu. Duk Juma'a muna buɗewa mu juya, abin da muka tsince ruɓaɓɓe bai cika kwando biyu ba. Ban sake zare filogi ba, ko da yake ba zan ɓoye ba, nakan je in taɓa tukunyar in ji ko ta yi zafi fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Ga tambayata. Layukan da na koya na zafi ne. Ma'aunin yana ba ni lambar laima ma, amma ban san abin da zan yi da ita ba. In ruwa ya sauka iska ta jiƙe, ina tsoron fanka ta riƙa jawo danshi cikin rudu, in kashe albasar da abin da na kawo don ya cece ta. Na kira Mushe Isufu, ya ce shi firji ya sani, bai san albasa ba. Yaya ya ce shi da hanci yake ganewa, hanci kuma ba ya shiga kwamfuta. Layin da zan ƙara na san yadda ake rubuta shi yanzu, lambar da zan sa a ciki ce ban sani ba. Don Allah, duk wanda ya taɓa auna laima a ma'ajiyar albasa, malamin gona ne ko ɗan kasuwa ko manomi irina, ya gaya mini a wace lamba ya kamata fanka ta tsaya, kuma a wace ce za ta ci gaba, da yadda ya gane hakan. Ya aiko ta hannun wanda ya ba shi wannan rubutu, zai iso gare ni. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba. Ban san kwana nawa zai ƙara ba ni ba.